Kome a Bakin Ƙofar Tiyata

"Baba ya ce kada a bar ka ka shigo," ta faɗa, fuskarta na kallon bango.

"Na sani. Gwaggo ce ta ce min ya fita sallah..."

Har yau, bayan shekaru masu yawa, in Malama ta rufe ido tana ganinsa tsaye a gefen gadon asibitin nan, garin katako a gashin kansa, ya riƙe hula da hannu biyu kamar ɗalibin da ya makara. Dogo take ce masa. Kafinta ne, kuma gyaran bencin ajinta ne ya haɗa su. Benci ɗaya ya yi ta zuwa gyarawa har yara suka fara ce masa Kawu.

Amma a ranar ba mijinta ba ne cikakke. Saki ɗaya ne a tsakaninsu.

Cikinta na fari ne, ya fara tsufa ta soma ganin jini. Likita ta duba ta ce mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa. Ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, ba tsayuwar girki, sai kwanciya. In jinin ya ɓalle, rai biyu ne a hannun Allah.

Yayar Dogo, wadda duk gidan ke kira Yaya Babba, ta taɓe baki.

"Mu da muka haifi namu muna wanki fa? Lalaci ne da girman kan 'yan boko."

Dama tana da ƙanwar mijinta da ta daɗe tana so Dogo ya aura. Ranar da surukar Malama ta zo gidan, Malama ba ta iya tashi ta tarbe ta ba. Kafin Dogo ya dawo daga aiki an gaya masa ta kalli uwarsa ta juya baya. Ya shigo ransa a ɓace, ita ma bakinta bai yi shiru ba, magana ta ja magana, kalmar saki ta fita.

A gidan mahaifinta jinin ya ɓalle sosai, aka kwantar da ita a asibiti, likita ta ce ba sallama sai an ciro yaron da tiyata.

"Me ya kawo ka?" ta tambayi Dogo.

"Na je wurin likitarki. Ta zana min komai a takarda... Malamata, ashe gaskiya kike faɗa min, ni kuma na saurari wasu."

Ya matso kusa da gadon.

"Kin san iddarki haihuwa ce. Ana ciro yaron nan, shi ke nan, na zama bare. Baba kuwa ya rantse ba zai sake ba ni ke ba. An ce min ba sai na tambaye ki ba, ina faɗa kin koma. Amma ni sai na tambaye ki."

"In na ce a'a?"

"Sai in ci gaba da zama a bencin waje."

"Wanda ƙafarsa ke rawa?"

"Na gyara shi jiya."

Dariya ta taso mata, ta danne da gefen mayafi. "Ka tafi. Zan yi tunani."

Waɗannan makonnin su ne ta fi tunawa. Ɗakin mata shida ne, da labule kore, da fankar da ke kuka kamar tana jin ciwo. Kullum Baba ya fita, Gwaggo mai jinyarta sai ta leƙa ta taga ta ɗaga masa hannu. Ya shigo ya ɓare mata lemo, ya yanke mata farcen ƙafa tunda ba ta iya sunkuyawa. Ya koyi taje gashi a kanta, yana ja tana cewa a hankali, ba katako ba ne. Matar gadon kusa, mai jiran 'yan biyu, takan ce, "In ba kya so ki ba ni, nawa ko ruwa bai taɓa miƙo min ba."

Bai sake tambayarta ba. Ita kuma tana jin daɗin jan ransa, tana ganin akwai sauran lokaci.

Wata safiya tana shan shayi ta ji ɗumi yana bin ƙafafunta. Kafin Gwaggo ta ƙwala wa nas kira zanin gadon ya jiƙe. Aka ɗora ta a gadon turawa, fitilun rufi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, jikinta yana sanyi. Ta ji muryar Baba yana salati. Ta ji wasu takalma suna gudu a gefenta.

"Dogo..."

"Ga ni, hasken idona. Ga ni."

"Faɗi yanzu."

Baba ya sha gabansa. "Kai, wa ya ba ka izinin..."

"Baba, ni na ce ya faɗa," ta ce da ɗan abin da ya rage na muryarta. "Ba na so in shiga ina ba matar kowa ba."

Nas ta riga ta tura ƙofar da kafaɗa. Dogo ya riƙe ƙarfen gadon.

"Ku shaida, na mayar da matata."

"Na shaida," in ji nas, "yanzu saki gadon."

Ba ta farka ba sai washegari, da ledar jini a rataye a kanta. Likita ta zauna a gefenta ta yi magana a hankali. Yarinya ce, ƙarama amma tana numfashi da kanta. Sai dai jinin ya ƙi tsayawa, dole aka cire mahaifar don a ceci ranta.

Ta yi kuka har ɗinkin ya soma ja. Da Dogo ya shigo ta kasa kallonsa.

"Ka ji ko? Daga wannan babu wani. Yaya Babba za ta ce..."

"Ta riga ta ce."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta zo ta ga 'yata in tana so. In ba ta so, ta gaishe min da ƙanwar mijinta."

"Ka yi gaggawa jiya. Da ka sani..."

"Kafin su cire, ni suka fito suka tambaya, Malama. Likita ta ce ina mijin. Baba da kansa ya turo ni gaba." Ya goge mata hawaye da babban yatsansa mai kaushi. "Da kin ƙara jan raina kaɗan, da ba ni za a tambaya ba."

Sun yi zama mai tsawo bayan nan, da faɗansu da shirinsu. Yaya Babba ta sauko daga baya, har ita ta fi kowa shagwaɓa yarinyar. Dogo ya ga auren 'yarsa, ya ɗauki jikansa na fari, sannan ciwo ya kwantar da shi, ya rasu kansa a cinyar Malama.

Kwanan baya 'yar ta kai ta asibitin duba idanu. Malama ta ja ta suka bi ta tsohon ɗakin. An mai da shi wurin ajiye magunguna, kwalaye har rufi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi.

"Umma, ke kaɗai na sani da ke murna da wurin da ta kusa mutuwa."

"Ke ba za ki gane ba," ta ce, tana gyara gilashinta. "Ba a taɓa yin zance da ni mai daɗin na ɗakin nan ba. Mu je, kada layi ya wuce mu."