Jan Salatif a Gidan Kaka Nhan

Ƙarfe uku na yammacin jajiberin Tet, bikin sabuwar shekara, aka kira ofishin 'yan sanda. Wuta ta ja wata tsohuwa a banɗaki, ta rasu.

Sufeto Vinh ya bar babur ɗinsa a bakin lungu ya ƙarasa da ƙafa. Sanyin Hanoi na ratsa ƙashi. Kowane gida na tashin ƙamshin ganyen da ake dafawa don wankan sallamar tsohuwar shekara. Gida ɗaya ne kawai ya yi tsit.

A hawa na biyu ya tarar an rufe tsohuwar, Kaka Nhan, da bargo. Bokitin ganyenta bai gama hucewa ba. Tafin hannunta na dama ya ƙone, daidai faɗin ƙarfen shawa.

Ɗanta Thieu na riƙe da wuyan rigar wani dattijo, Khoi mai gyaran wuta.

"Ga shi nan, Yallabai! Shi ya taɓa hitar ruwan wankan nan shekaranjiya. Shekara talatin yana shan shayi a gidan nan, yau ya kashe min uwa."

"Sake shi. Kawu, me ka yi wa hitar?"

"Ban gyara ba, cirewa na yi," in ji Khoi. "Sati guda na'urar tsaro na katse musu wuta. Na buɗe, na ga ƙarfen da ke dafa ruwan ya cinye, wuta na zuba cikin ruwa. Na zare wayoyin biyu na naɗe bakinsu, na ce kada kowa ya taɓa sai bayan biki."

"Ƙarya yake yi! Cewa ya yi ya gyara."

Saje Dau ya fito da ankwa. "Yallabai, mu tafi da tsohon kawai. Ya yi bikinsa a bayan kanta."

Khoi ya dubi ankwar. In ta shiga hannunsa a gaban mutanen lungun nan, ko an sake shi gobe babu mai sake kiransa ya ɗaura ko da ƙwan fitila.

"Mai da ita aljihu tukuna," in ji Sufeto.

Ya tsaya a ƙofar banɗakin ya ƙura wa makunnin hitar ido. A kashe yake.

"Wa ya kashe wannan?"

"Mama ce," in ji Lua, matar Thieu. "Takan kunna minti ashirin, ta kashe, sannan ta shiga. Ba ta taɓa mantawa ba. Mu ma kullum sai ta yi mana faɗa a kai."

Sufeto ya fitar da kowa. Ya sa Saje ya sauka ya mayar da wutar gidan da aka kashe daga mita, sannan ya ɗora testar gwada wuta a kan ƙarfen shawar. Ƙwan cikinta ya kama, ja wur. Makunnin kuwa yana nan a kashe.

"Dau! Kashe ta. Ka tsaya a gaban mitar nan, ko matarka ce ta zo kada ka matsa."

Ya sake gwadawa har sau biyu. Sai da ya ga babu wuta sannan ya kwance murfin makunnin.

An mayar da wayoyin, amma an juya su. Makunnin na katse wayar da ba ta da wuta, mai wutar kuma ta wuce kai tsaye cikin hitar. An kuma tsallake na'urar tsaro da guntuwar waya. Duk mahaɗar an naɗe ta da jan salatif, sabo fil.

"Kawu, buɗe jakarka."

Salatif uku ne a ciki, duka baƙaƙe.

"Ba ka aiki da ja?"

"Ja? Ni mai gyaran wuta ne, ɗana, ba mai yi wa motar amarya kwalliya ba."

Sufeto ya sauko falo. Kusa da teburin da ake kunna wa kakanni turare an kafa reshen furannin biki, an zagaye shi da ƙananan fitilu. Ya sunkuya. Kowace fitila an manne ta da jan salatif.

"Aikin nan ya yi kyau, ƙanwata. Wa ya yi?"

"Maigidana ne," in ji Lua. "Ya ce baƙin abu ba zai shiga gidan nan a bakin sabuwar shekara ba, ko da..."

Sufeto ya miƙe ya dube ta.

"Da kika ga Mama a kwance kika yi ihu, ina yake?"

"A nan falo."

"Ya hau sama?"

Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. "Wajen mita ya fara gudu."

Sufeto ya juya. "Thieu, mutum ya ji ihun matarsa daga sama. Bai san ko santsi ba ne, ko ɓera. Me ya kai shi mita?"

Thieu ya sunkuyar da kai. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Shekara saba'in da takwas ba ta taɓa shiga sabuwar shekara ba tare da wankan nan ba," ya ce. "Ta ce ita ba za ta hau bene da tukunyar ruwan zafi ba, kuma ba ta son a kai mata. Na ce waya biyu ce kawai, me zai gagara? Na'urar ta ci gaba da katsewa, sai na tsallake ta. Na ce ai Mama na kashe makunni."

"Ta kashe," in ji Sufeto. "Sannan ka ce a ɗaure wannan dattijon a madadinka."

Thieu ya dubi teburin kakanni. Ya roƙi a bar shi ya kunna wa uwarsa turare. Aka bar shi. Sai da ashana uku suka mutu kafin turaren ya kama. Sannan Saje ya fito da ankwar, ya tasa shi gaba cikin lungu, maƙwabta na janye 'ya'yansu daga hanya.

Da Sufeto ya gama ɗaukar hoto, Khoi ya matso.

"Yallabai, ba zan bar gidan nan haka ba. Akwai mai rai a ciki."

Ya hau sama, ya gwada, ya zare wayoyin biyu, ya ciro baƙin salatif daga jakarsa. Lua na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi baƙin salatif ɗin, sai ta miƙa hannu ta riƙe masa tocila.