Ranar da Malam Kamilu Bai Bugi Tebur Ba

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Litinin Hajiya Zulaihatu ta dawo daga gaisuwar rasuwa, ta tarar da teburin ofishinta wayam. Kwamfutar da tsofaffin ɗalibai suka saya wa makarantarta ta ɓace. Kafin Sajan Maharazu ya iso daga ofishin 'yan sanda na Faskari, an riga an kulle maigadi, Baba Gide, a ɗakin ajiya, leɓensa a fashe.

"Wa ya taɓa dattijon nan?" Maharazu ya tambaya.

"Jama'a ne suka fusata," in ji Hajiya. "Ka tafi da shi kawai. Shi ke riƙe da makulli."

"Hajiya, aikina zan yi, ba naki ba."

Ya sa aka buɗe tsohon. Baba Gide mutumin Tafoki ne, ya shekara sha biyu a bakin ƙofar nan. Ya rantse bai gusa ba, kuma ba wanda ya shiga ko ya fita tun da Hajiya ta tafi ƙarfe goma. Masu ɗinki da ke kallon ƙofar sun ce haka ne. Ke nan kwamfutar tana cikin makaranta.

Alheri, akawun da ke aiki da kwamfutar, tana ɗakin malamai tare da mutum huɗu, suna duba takardun gwaji. Sauran malamai kowa na ajinsa. Aji mafi kusa da ofis na Malam Kamilu ne, malamin Turanci, kuma shi kowa ya fara wankewa. Makarantar duka ta ji yaransa suna rera darasi har aka kaɗa ƙararrawa.

Maharazu ya san ajin. Ya zauna a cikinsa shekara ashirin da suka wuce. A allo ga kalmar walk an jera ta gida uku da rubutun Malam: abin da ake yi, abin da aka yi, abin da za a yi. Ya tambayi yaran ko Malam ya fita. Suka sunkuyar da kai gaba ɗaya.

Ya zagaya bayan katanga, inda Goggo Suwaibatu ke suyar awara daidai tagar ajin.

"Goggo, me kika ji da safe?"

"Me zan ji, ɗan nan? Karatun Nasara. Ni da ban taɓa shiga aji ba na haddace shi. I walk, you walk, sai Malam ya bugi tebur. I walked, sai ya bugi tebur. Sannan I will walk. Da bugun nan nake juya awara."

"Yau fa?"

"Yau ai sun ƙona mani kasko guda! I walked, you walked, he walked, su koma farko, su sake, har kaina ya ɗau ciwo. Ina jiran bugu, shiru. Ya fi rabin awa."

Maharazu ya yi wa Goggo sallama. Ya tsaya a rana ya daɗe, yana neman wata fassarar, bai samu ba.

Ya iske Malam Kamilu shi kaɗai a aji yana goge allo.

"Maharazu, an zama manya," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam. Ina kake tsakanin goma da sha ɗaya?"

"Ni kake tambaya? Duk gari ya ji ajina."

"An ji yara. Ba a ji ka ba." Maharazu ya ɗora hannu a kan tebur, inda sanda ta cinye katakon. "Kai ka horar da mu kamar a makarantar allo: ba mai wuce darasi sai Malam ya ba da izini. Na taɓa riga bugunka zuwa gida na uku, na sha bulala shida. Yaran nan da za ka bar su har magariba, a walked za ka same su. Ka san haka, shi ya sa ka bar su su yi maka shaida."

Malam ya ajiye tsumman.

"Ka san abin da matar nan ta ce da ni? Wai an zuba darussan Turanci a cikin abin, zango mai zuwa in huta. Shekara talatin da ɗaya! Na shiga ne in ji abin da ya fi ni. Na kunna, na zauna ina saurare."

"Sai me?"

"Ya fi ni, Maharazu. Ba ya gajiya, ba ya duka." Ya nuna kabad ɗin aji da haɓa. "Tana ƙarƙashin tsofaffin littattafai. Ban sayar ba, ban fasa ba."

Maharazu ya ciro ta lafiya lau. Tausayi ya taso masa, sai ya tuna leɓen Baba Gide.

"Da aka ja Baba Gide a ƙasa, kana ina?"

Malam ya kawar da kai.

"Kana ina, Malam?"

"A baranda."

"Kana kallo." Muryar Maharazu ta ɗaga har Alheri ta leƙo. "Ɗaukar kwamfuta zan iya roƙon Hajiya ta yafe. Amma ka tsaya ana dukan sa'an yayanka a kan abin da ke cikin kabad ɗinka, ka yi shiru!"

"Rufa mani asiri. Ka ce a bayan aji ka tsince ta."

Maharazu ya auna maganar. In ya faɗi haka, gobe gari zai ce maigadi ne ya jefar da ita don tsoro, kuma ba mai sake ba shi ko gadin awaki.

"Ba zan sa maka ankwa ba, Malam. Amma da bakinka za ka faɗa, a bakin ƙofa, inda aka doke shi."

Ya buɗe ƙofar ajin, ya matsa gefe don malaminsa ya wuce gaba.