Sulken Wuyan Norhata

La'asar ta yi sanyi, iskar tafki ta soma hawowa, ɗaliban Makapado sun jingine dakusassun takubbansu sun watse. Shi kuwa yana zaune a gindin matakalar gida yana murza gwiwa. Shekara talatin ke nan yana koyar da wasan takobi a wannan tsakar gida, kuma cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa babu mai saurin 'yarsa Norhata.

Saurin ne yake ba shi tsoro. Takan kutsa kai cikin sara kamar wuyan ba nata ba. Dakusasshen ƙarfe ba ya yanka, amma idan ya sami maƙogwaro ba ya buƙatar kaifi. Shi ya sa ba mai shiga filinsa sai da sulken wuya na ƙirgin ɓauna, wanda yake ɗinkawa da hannunsa. Na Norhata kuwa ya ga fata kaɗai ba ta isa ba. Sai ya hau rumbun shinkafa, ya buɗe akwatin kakansa, ya ɓalle faranti biyu na tagulla daga tsohon sulken yaƙi, ya ɗinke su a ciki. Yau ne ta fara sa shi.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matarsa Rakma daga wurin suyar kifi.

Na biyu a tsakiyar ɗaki ya faɗo, jiƙe, da gansakukar tafki a jikinsa. Makapado ya ɗaga kai, rufin babu huda ko ɗaya. Ya leƙa tsakar gida. Norhata tana tsaye inda ya bar ta, ta ba katanga baya, sulken yana wuyanta.

"Cire abin nan ki yi alwala."

Ba ta motsa ba. Da ya kai hannu ga maɗaurin, ta cafke tsintsiyar hannunsa. Ya san riƙon 'yarsa, shi ya koya mata. Wannan ba nata ba ne.

Kwana tara suka yi a haka. Rana tana jan baya duwatsu su fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A ƙarƙashin daɓen katako ana jin kamar ana jan sarƙa. Norhata ta koma kusurwar ɗaki, ba ta yarda kowa ya bi ta bayanta, ko uwarta da mataji. Maza uku suka taru su cire sulken, suka koma gida da targaɗe. Fatar wuyanta ta saɓule, ta fara wari. Ɗalibai suka daina zuwa. Rakma ta daina kuka ma, sai ta ajiye wa yarinyar shinkafa ta ɗauke ta da sanyinta. Makapado kan kwashe duwatsun da safe ya tara a gindin kwakwa, har tarin ya kai masa gwiwa.

A rana ta goma Alim Kasan, malamin addini, ya iso a kwalekwale daga tsallaken tafki, tsoho mai ciwon ƙirji. Ya sha gahawa, ya huta, ya kalli tarin duwatsun. Da rana ta kusa faɗuwa ya zauna gaban yarinyar, ya soma karatu a hankali, yana tsayawa yana maida numfashi.

Ya daɗe yana yi. Dutse ya faɗo, wani ya biyo, sannan gidan ya yi tsit. Bakin Norhata ya buɗe, muryar da ta fito ta tsoho ce, a dishe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ba zuwa na yi ba, kawo ni aka yi. Kakan mutumin nan ya ɗaure ni da tagullar nan, ya ce wuyan duk jininsa da ya sa ta yana kaina. Yaƙi bakwai na tsare shi. Ya mutu a tabarmarsa da tari, na ce na huta. Shekara tamanin ina kwance a akwati, sai ga wannan da basillarsa."

Makapado ya sunkuyar da kai.

"Duwatsun fa?" in ji Alim.

"Don masu takubba su daina zuwa. Yarinyar nan ba ta da hankali. A yini ɗaya sau goma sha ɗaya ta miƙa wuyanta. Ni na tsufa, ba zan iya ba."

"To me kake so?"

"Ta rantse ba ta ƙara taɓa takobi. Sai in koma akwatina."

"Mun yarda," in ji Rakma da sauri. "Baban Norhata, ka ce mun yarda."

Makapado ya kalli hannuwan 'yarsa, da kantar da ke tafinsu tun tana shekara bakwai.

Alim ya yi tari, ya goge baki, ya fuskanci mai muryar. "Ba ka da iko a kan hannunta. Kuma rantsuwar da wani ya yi mata ba tata ba ce. Amma wanda ya ɗaure ka ya mutu, ga magajinsa zaune. Idan ya sake ka fa?"

Fitila ta soma lumshewa.

"Ana saki?" in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Ana saki. Amma za ka rantse da Allah ba kai ba gidan nan."

"Na rantse. A mayar da farantan nan jikin tsohon sulken yaƙin, a kai shi tsakiyar tafki a sake shi. Can ƙasa, inda babu wuyan kowa."

Alim ya dubi Makapado. Shi kuwa ya matso da gwiwoyinsa, ya ce, "Na sake ka. Abin da kakana ya ɗora maka, na sauke."

Idanun yarinyar suka juyo gare shi, ba fushi a cikinsu. "Kai za ka ɗauka ke nan. Za ka ji."

Kanta ya langaɓe. Makapado ya kai hannu, maɗaurin ya kwance ba gardama.

"Ama," ta kira babanta da muryarta, "ƙishirwa."

Washegari shi da Alim suka shiga kwalekwale, suka saki sulken a inda ruwa ya fi duhu. Ko kumfa bai yi ba.

Wata biyu kafin wuyan ya warke, ya bar tabo zagaye. Ba ta tuna komai. Da ta ce za ta koma fili, Rakma ta shige ɗakin girki ta rufe ƙofa. Makapado ya ɗinka sabon sulke, fata ninki uku da ƙarfen da maƙerin kasuwa ya ƙera jiya-jiya. Shi ya ɗaura mata, ya ja, ya sake ja.

"Ama, ba na iya juya kaina."

"Haka ake so."

Bai ƙara ɗaga takobi a kanta ba. Yakan tsaya a bakin fili, ba ya kallon ƙafar kowa, ba ya gyara wa kowa riƙo, idonsa wuri guda, a wuyan 'yarsa. Ɗalibai suka fara cewa malam ya tsufa.

Wata yamma, bayan an watse, Rakma ta kawo masa shinkafa. Ta tsaya a kansa da kwanon.

"Yau sau nawa ta miƙa wuyan?"

"Bakwai," ya ce.

Ta ajiye kwanon, ta zauna kusa da shi. Ba wanda ya ci.