Ƙofar da Ke Bayan Umma

Su huɗu ne, kuma kowanne da rashin da ya yi. Mai Agogo ya rasa matarsa. Inna, surukarsa, ta rasa babbar 'yarta. Auta ta rasa yayarta, wadda ta goye ta tun tana tsumma. Tsigi kuwa, 'yar shekara shida, ita kaɗai ce ba ta san ta yi rashi ba, domin tun ranar da aka fita da mahaifiyarta aka ce mata, “Umma ta yi tafiya, za ta dawo.”

Inna ce ta fara faɗar haka don a samu yarinyar ta yi shiru. Daga nan kowa ya kama, har aka shekara uku ba wanda ya iya warwarewa.

A gidan Inna Tsigi take zaune, a hannun Auta. Ita ke mata wanka da kitso, ita ke ɗinka mata kaya a kekenta. Kullum da yamma Mai Agogo zai rufe shago ya zo ya ga 'yarsa. A falon akwai hoto guda na marigayiyar, tana dariya a bakin wata ƙofa, da shuɗin mayafi a kafaɗa. Kowace safiya sai Tsigi ta hau kujera ta gaishe shi kafin ta tafi makaranta.

A wannan zirga-zirgar ne so ya shiga tsakanin Auta da Mai Agogo, ba tare da sun gayyace shi ba. Ya furta, Inna ta sa albarka, amma Auta ta cije. Har ta karɓi aiki a wani shagon ɗinki a birni mai nisa, don ta gudu daga abin da zuciyarta ke so.

Ana sauran 'yan kwanaki ta tafi, Mai Agogo ya aro mota ya ce su huɗun su je su ga wani tsohon gari a kan tudu, wanda baƙi ke zuwa kallon gine-ginensa.

Da hantsi suka isa. A bakin ganuwar Inna ta dafa gwiwa ta zauna a gindin bishiya.

“Ni nan na tsaya. Tsofaffin kaya kuke son gani? Ga ni, ku kalle ni kyauta.”

“Kaka raguwa!” in ji Tsigi.

“Ke tafi can, mai ƙafa kamar tsinken tsintsiya. In iska ta ɗauke ki kada ki kira sunana.”

Suka shiga su uku. Garin shiru ƙwarai. Matasa duk sun koma bakin sabuwar hanya, sai 'yan tsofaffi da ke leƙowa ta taga su koma. Lunguna ƙanana, bangaye masu kauri, rijiya a tsakiyar kasuwa da guga a rataye, igiyar ta ruɓe. Hadari ya rufe rana, amma ko ganye ba ya motsi. In ka taka, sai ka ji kamar wani ya taka a bayanka.

Tsigi na gaba tana tsalle. Mai Agogo ya rage murya.

“Auta... da gaske tafiyar za ki yi?”

“Na riga na gaya maka, Baban Tsigi.”

“Kin gaya mini da baki. Idonki bai faɗa ba.”

“Ka bar idona!”

“Ba kya sona ne? Faɗa mini sau ɗaya, wallahi in haƙura.”

Ta kawar da kai. “Ka san ba shi ba ne.”

“To mene ne, sanyin idona?”

“Kada ka kira ni haka... Yarinyar nan kullum tana ajiye wa uwarta rabin alewarta. Rannan ta ce in ɗinka wa Umma riga, kada ta dawo ta tarar ba sabon kaya. Ta yaya zan shiga ɗakin matar da 'yarta ke jiran dawowarta? In ce mata me? Na riƙe wa Umma mijinta kafin ta iso?”

“In ta girma za ta gane da kanta.”

“Ta gane mun yaudare ta, ni kuma na ci riba!”

Can ya ce, “Nan muka zo da yayarki, muna sabon aure. Na so in yi ban kwana da wurin, sannan in roƙe ki roƙon ƙarshe.”

Auta ta tsaya cak. “Nan? A nan ka ɗauki hoton falo?”

“Eh.”

“Kuma ka kawo Tsigi?”

Suka waiga tare. Lungun fayau, babu kowa.

“Tsigi!”

Bangon ya dawo musu da sunan. Suka bi wannan kwana, suka fito wancan, duk gidajen kama ɗaya, kowanne da ɗan allo a gefe mai bayanin wanda ya taɓa zama a ciki. Auta ta cire takalmi ta riƙe a hannu tana gudu. Rijiyar nan kawai take tunani.

Sai ta ji muryar Tsigi. A hankali take fitowa, irin muryar yaron da ke hira da wanda ya sani.

“...kuma haƙorina ya fita, kin gani? Anti ta ce wani zai fito...”

Tsigar jikin Auta ta tashi. Muryar daga wani gida take fitowa, mai ƙofar katako da manyan ƙusoshi, da tsaga a gefen hagu. Ƙofar hoton ce. Su manya, shekara uku fuskar suke kallo. Ita kuwa yarinyar, har ƙofar da ke bayan Umma ta haddace.

Mai Agogo ya dafa bango. “Innalillahi...”

Suka shiga. Sanyi ya buge su, da warin tsohuwar toka. An jera komai yadda masu gidan suka bar shi: gado a shimfiɗe, tukwane a kife, fitila ba mai. A ƙuryar ɗakin girki an gitta igiya don kada baƙi su wuce. Tsigi ta riga ta sunkuya ta ƙarƙashinta, ta durƙusa.

A gabanta, wata mace na zaune a bakin murhu, ta ba su baya. Ta lulluɓa da shuɗin mayafi mai fararen furanni a baki.

Auta ta san mayafin. Ita ta yi masa aikin da hannunta lokacin tana koyo, ga ma furen nan na ƙarshe da ya karkace, wanda yayarta ta hana ta warwarewa. Wata 'yar iska ta shigo ta taga, gefen mayafin ya ɗaga, kafaɗar ta yi kamar ta numfasa.

“Yaya...?” Kalmar ta kuɓuce mata ba ta sani ba.

Tsigi ta juyo, fuskarta fal murna, ta sa yatsa a baki.

“Anti, na same ta! Amma fushi take yi, ta ƙi juyowa. Don mun daɗe ba mu zo ba ne. Umma, ga Baba ma ya zo...”

Ƙarar makullai ta taso daga tsakar gida, kacau, kacau. Mai Agogo ya damƙi hannun Auta. Wata tsohuwa ce ta shigo, da tsintsiya a hannu da tarin makullai a ƙugu.

“Sannunku da zuwa. A'a, 'yar nan, ba a tsallake igiya.”

“Baaba,” in ji Mai Agogo, “wace ce wannan?”

“Wannan? Ai uwargidan ce.” Ta yi 'yar dariya, sai ta ga fuskokinsu ta daina. Ta rage murya. “Mutum-mutumi ne, ɗana. Itace da ciyawa. Kowane gida muna zaunar da guda, don baƙo ya ga yadda ake zama a da. Sai dai asu na cinye musu tufafi, to abin da baƙi suka bari shi muke sa musu. Wannan mayafin wata amarya ce ta yafa mata da kanta, shekarun baya. Mai yawan dariya. Ta ce ba za ta bar mace zaune kai ba lulluɓi ba. Ina wanke shi, ban taɓa canjawa ba.”

Mai Agogo ya rufe fuska da tafi. “Ranar ta fito ba mayafi... na tambaye ta, ta ce ta ba wata baiwar Allah. Tana ta yi mini dariya...”

Tsigi ba ta ji su ba. Ta ciro alewa daga aljihu tana miƙawa ta baya.

“Umma, ki juyo mana. Ba na rashin ji yanzu. Tambayi Anti.”

Mai Agogo ya matso kunnen Auta. “Mu ɗauke ta. Mu ce Umma barci take yi, za mu dawo wani lokaci.”

“A'a.”

“Auta, zuciyarta za ta karye!”

“In muka fita da ita haka, nan za ta bar zuciyar. Kullum za ta ce uwarta na gani ta ƙi juyowa. Ya isa, Baban Tsigi... ya isa haka.”

Ta dubi tsohuwar. Ita kuma ta kwance igiyar.

Auta ta kama hannun yarinyar. Ita kanta tana tsoron abin da za ta gani. A hankali suka zagaya ta gaban murhun.

Babu fuska. Dunƙulen ciyawa ne aka naɗe da farin ƙyalle, ba ido, ba baki. Hannayen sanduna ne, an ɗaura musu muciya.

Alewar ta faɗi a toka.

“Anti... ina fuskarta?”

Auta ta durƙusa har idonsu ya daidaita. “Ba Umma ba ce, 'yar lelena. Mayafinta ne kawai. Ta taɓa zuwa nan kafin a haife ki, ta yi kyautarsa.”

“To ita tana ina?”

“Umma ta rasu, Tsigi. Tun kina ƙarama ta yi ciwo, Allah ya karɓi abarsa.”

“Kamar magen nan tamu?”

“Eh.”

“Magen ba ta dawo ba.”

“Ba ta dawo ba.”

Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi Auta.

“Kun ce tafiya ta yi! Kaka ta ce! Ke ma kin ce!”

“Mun faɗa. Ba gaskiya ba ce. Tsoron kukanki muka ji, muka yi miki laifi babba. Ki yafe mana.”

“Ni kullum ina jira!” Ta kai wa Auta duka a ƙirji da 'yan hannayenta, ta sake kaiwa. Auta ba ta kare ba. “Na zaci don na fasa madubinta ne ta ƙi dawowa!”

Mai Agogo ya zube a gwiwa. “Wane madubi, uwata? Wallahi ba ke ba ce! Har ta cika sunanki take kira.”

Sai kukan ya ɓarke, irin wanda aka tara shekara uku. Ya cika ɗakin girkin, ya fita tsakar gida, tattabarun da ke rufin suka tashi fir. Tsigi ta faɗa jikin Auta ta ƙanƙame wuyanta. Tsohuwar ta koma bakin ƙofa tana share ido da gefen zane.

Da kukan ya lafa, ta dawo ta kai hannu ga mayafin.

“Ungo, jikata. Naki ne.”

Tsigi ta girgiza kai, tana shessheƙa. “Ki bar mata. Umma ce ta ba ta.”

Suka fito. An fara yayyafi, ƙasa ta ɗau ƙamshi. Auta ta goya yarinyar duk da ta wuce goyo. Sun yi nisa a lungun, sai muryar Tsigi ta fito daga bayanta, a dishe.

“Anti, ke ma an ce za ki yi tafiya. Irin ta Umma ce?”

Auta ta tsaya. Ta ji hannayen sun ƙara matse ta. Ta ɗaga ido, ta tarar da na Mai Agogo a kanta, jajur.

“Babu inda za ni,” ta ce. “Na fasa.”

“Auta...” in ji shi. “Me kika ce?”

“Ka ji ni sarai.”

“Ki maimaita, don girman Allah. Kunnen mai gyaran agogo ƙaramin sauti ya saba ji, babban abu wuce shi yake.”

Murmushi ya ƙwace mata a cikin hawaye. “Ka je ka gaya wa Inna na amince. Amma ita ma sai an tambaye ta,” ta nuna bayanta da haɓa, “kuma a gaya mata komai yadda yake.”

“Na yarda, sanyin idona.”

Wannan karon ba ta hana shi ba.

Inna na hango su ta miƙe, ta manta da gwiwa. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar jikarta ta gane.

“Kun gaya mata...”

“Kaka, Umma ta rasu,” in ji Tsigi. “Ke ma kina jin kewarta?”

Inna, wadda ta shekara uku tana haɗiye kukanta a gaban yarinyar nan, ta buɗe hannu biyu. Suka rungume juna a gindin bishiyar, ruwa na sauka a kansu, ba wanda ya ce su yi shiru.

A hanyar komawa Tsigi ta kwanta a cinyar Auta, ta riƙe yatsanta gam, tana kallon ganuwar har ta ɓace. A ranar ta fahimci cewa Umma ba za ta dawo ba, kuma ba laifinta ba ne, kuma Anti ba za ta tafi ba.