Ranar da Baba Ya Kyautar da Kyaftin

"Shameeza! Fito ki ga abin da na samo!"

Ina ofishina a jami'a ina duba aikin ɗalibai na jiyo muryar Fazal kamar mai shelar gobara. Na leƙa ta taga. Ga shi tsaye jikin babur ɗinsa, hannu duk baƙin mai, ya ɗaga keji sama, baki har kunne.

Fazal makaniken injin girbin shinkafa ne, kuma shi ne mutumin da na yi wa alkawarin aure. Tun rasuwar Mama nake ta ɗaga masa rana, don ban iya barin Baba shi kaɗai a gidanmu na ƙauyen Black Bush ba. Ya yi haƙuri, ba laifi, amma akwai mita.

Da na fito na dubi kejin, sai na gane tsuntsun da ke ciki.

"Wannan ai Kyaftin ne, tsuntsun Baba."

"Shi ne kuwa! Babanki, Kawu Haniff, da kansa ya ba ni. Ya ce in riƙe, nawa ne har abada. Kuma ya ce a ɗaura aurenmu kafin girbi, kada a ƙara jira... Masoyiyata, ba ki ji ba ne? Ya karɓe ni!"

"Yaushe ya ba ka?"

"Ɗazu da hantsi. Wai ke me ya same ki?"

Kyaftin ɗan tsuntsu ne irin wanda muke kira towa-towa, bai kai tafin hannu ba. Amma duk yankinmu na Corentyne an san shi. Ran Lahadi in maza suka kafa kejin tsuntsayensu a bakin titi ana gasar kuka, tsuntsun da ya riga cika adadin kukan da aka tsayar shi ya ci, kuma Kyaftin bai cika shan kaye ba. An sha taya shi Baba ya hana. Mama ma takan ce da tsuntsun na iya dafa gurasar roti da tuni an sallame ta.

Na ce, "Ka mayar masa."

"In me?"

"Ka mayar masa, Fazal. Yanzu."

Ya ajiye kejin a hankali kan sirdin babur. "To! Na gane. Da can uban ne bai shirya ba, yanzu uban ya shirya, 'yar ta fito da nata. Dakta, in ba kya sona ki faɗa mini kawai. Kada ki fake da tsuntsu!"

"Haba Fazal!"

"Haba me? Kowa a garin nan ya san in dattijo ya ba ka tsuntsunsa, ya mai da kai ɗa ne. Ke kaɗai ce za ki ga alheri ki ɓata fuska."

Gaskiyarsa ta wani gefen, haka al'adar take. Amma ni aikina daban ne. Halayyar ɗan Adam na karanta, kuma tun digirina na uku abu ɗaya nake bincike: me ya sa mutanenmu na yankin shinkafa suke kashe kansu, kuma yaya za a tare su. Na zauna da iyalai da yawa bayan an yi rashi. Maganar da na fi ji daga bakinsu ita ce, "Ai har ya fara warwarewa. Ya yi fara'a, ya raba kayansa, ya shirya komai."

Na faɗa wa Fazal haka, ba kwana-kwana.

Ya girgiza kai. "Kawu Haniff? Mutumin da yake sahun gaba a masallaci? Shameeza, aikin nan ya cinye miki kai. Kowa kika kalla sai ki ga mara lafiya."

"Allah ya sa ni ce na yi kuskure. In haka ne ka yi mini dariya har mu tsufa. Tada babur."

Muka kama hanya. Ina rungume da kejin, gonaki kore shar hagu da dama. Ni ce nake koya wa malaman asibiti da limamai da malaman makaranta cewa in ka ga alama ka yi tambayar kai tsaye, tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Na faɗi haka a taro ba adadi. Amma wallahi faɗa wa baƙi daban, tsayawa gaban ubanka daban.

Mun sami Baba a ƙarƙashin gidanmu da aka ɗora kan turaku, zaune cikin ragar lilonsa. An share tsakar gida tas. Kayan Mama da ya hana kowa taɓawa an ɗaure su cikin buhu, wai na sadaka. Takalman gona a wanke, a jere.

A gefe ga akwatin nan nawa. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo biyu, irin wanda muke gwadawa a bincikenmu: manomi ya kulle maganin feshi a ciki, wanda shi mutanenmu suka fi sha su kashe kansu, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun wanda ya amince da shi. Baƙin tunani kan zo da ƙarfi ya wuce, in abin ba ya kusa da hannu mutum kan kai gobe. Gidaje da dama sun karɓa. Ubana kuwa cewa ya yi shi ba mahaukaci ba ne, ya zuba tsabar Kyaftin a ciki.

"A'a, amarya da ango!" in ji Baba. "Akwai kifin hassa a tukunya. Me ya dawo da wannan ɗan iskan tsuntsun?"

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, zan tambaye ka wani abu. Ka yafe mini in na yi rashin kunya."

"Tambaya, beti." Haka yake kirana, wato 'yata.

"Kana tunanin kashe kanka ne?"

Fazal ya ja numfashi. Baba ya miƙe zumbur, ragar na lilo a bayansa.

"Ni? Ni kike wa wannan magana? A gidana, gaban baƙo? Abin da bokon ya koya miki ke nan? Kin san hukuncinsa a addini kuwa?"

"Na sani, Baba."

"To tashi ki ba ni wuri!"

Ban tashi ba. "Ba ka ce a'a ba, Baba."

Sai Kyaftin, da bai san abin da ake ciki ba, ya ɓarke da kuka. Baba ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya koma ya zauna, kamar an zare masa laka.

"Na gaji, beti," ya ce a hankali. "Tun da Zabeeda ta tafi, in na tashi da safe ban san me na tashi yi ba. Ke kuma kin daina rayuwarki saboda ni. Na ce bari in ga aurenki, in san kina hannu nagari... shi ke nan."

Na fashe da kuka. Duk karatuna ya gudu, ba abin da ya rage sai 'yar Haniff. Na riƙe ƙafarsa ina cewa, "Ba nauyi ba ne kai, Baba! Ba nauyi ba ne!"

Fazal ya matso, idonsa jawur. Ya rataye kejin a ƙusarsa ta kullum.

"Kawu, na gode da kyauta, amma ba zan iya ba. Ni injin na sani. Tsuntsun nan kwana biyu zai yi a hannuna ya koma kukan kaza." Ya share hanci da bayan hannu. "Kuma in ɗaurin aure ne sallamarka, to na fasa gaggawa. Sai ka warke."

"Kai yaro, wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Wani abu nake roƙo a madadin tsuntsun."

Ya je ya juye tsabar cikin kwano, ya kawo akwatin ya ajiye gaban Baba. Baba ya harare shi, ya harare ni. Can ya tashi da kansa ya shiga ɗakin ajiya, ya kwaso jarkokin feshi duka. Ya datse kwaɗon farko, Fazal ya datse na biyu.

"In ka ɓatar da makullin nan," in ji Baba, "sai na karya maka ƙafa."

Ban yaudari kaina cewa akwati ya gama magana ba. Washegari na kai shi wurin wata abokiyar aikina a garin New Amsterdam, don 'ya ba ta yi wa ubanta wannan aikin. Ya yi ta ƙorafi a mota, amma ya shiga. Akwai makonni masu kyau, akwai waɗanda ko wanka sai da faɗa. Kullum da safe Fazal na zuwa da makullinsa a wuya, su buɗe, su yi feshi tare, su kulle, su yi musu kan tsuntsaye.

A bakin gada wata rana Fazal ya ce mini, "Rabin raina, na ce aiki ya cinye miki kai..."

"Ka faɗa."

"To ki yi mini dariya har mu tsufa."

Sai bayan girbi na biyu aka ɗaura auren. Ana cikin hidima, ana zuba miyar dal da shinkafa, na hango igiyar makullin ta leƙo daga wuyan rigar ango. Baba ya ratso mutane ya dafa kafaɗarsa.

"Kai, ango ko ba ango ba, gobe da sassafe ka zo da makullin nan. Ƙwari sun shiga gonar baya, kuma Lahadi Kyaftin na da gasa."

"Kawu, gobe fa? Haba!"

"Gobe na ce!"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin mayafi ina hawaye, kwalliya duk ta ɓaci. Gwaggona ta zungure ni, wai kukan amarya ya isa haka. Ba ta san abin da na ji ba. Ubana ne yake shirin gobe, har da Lahadi.