Irin da Inna Ta Bari a Saman Bene

Inna ta rasu, shukar saman benenmu ma ta bi ta. Ɗoɗɗoya da furanninta duk sun bushe a gwangwanayensu. Abin da ya rage kawai iri ne a ƙullin leda, cikin aljihun rigarta.

Tana da wata ɗabi'a mai tayar mini da zuciya. Kafin ta shuka iri sai ta watsa shi a baki, ya jiƙa a kumatu, sannan ta tofa a ƙasa ta rufe da yatsa.

"Inna, don Allah, wannan ai ƙazanta ce!"

"Ƙazantar ce ta raine ki," in ji ta, baki cike. "Da wane bakin aka tauna miki abinci?"

Ni da ruwan famfo na jiƙa nawa. Na shuka rabi a kwalayen ƙwai, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Sauran na ƙulle a bakin zanena. In shi ma ya mutu, shi ke nan lambun Inna.

Wata rana da almuru na hau kwaso shanya. Tun daga matakala wari ya tare ni, irin na bakin wanda ya tashi daga barci. Na toshe hanci.

Kwalayen sun tsiro. Farare fat, babu alamar kore. Na taɓa ƙasar na ji ɗumi. Da na ɗaga yatsa, yauƙi ya biyo shi kamar zare.

Sai na ji ana tsotso. Can bayan tankin ruwa.

Mace ce a tsugune, ta ba ni baya.

"'Yar nan," ta raɗa. "Kin bar su da ƙishi."

Muryar Inna ce. Wallahi har na ɗaga ƙafa zan je wurinta.

"Kawo sauran."

Ta juyo. Ban ga idanu ba. Baki ne kawai, daga kunne zuwa kunne, babu haƙori. Cike yake da iri, ya kumbura kamar ƙwan kwaɗo, yana dalala a ƙirjinta.

Na ja da baya.

Yatsu masu sanyi suka riƙe haɓata.

"Buɗe. In koya miki."

Ina so in ambaci Allah, amma ba zai yiwu ba sai na buɗe baki. Na datse haƙora. Ta matso. Numfashinta ya jiƙa mini fuska.

Na kasa daurewa. Na ƙwala salati.

Abu ya ɗiga a harshena.

Na fizge, na gangaro matakala, rabi da ƙafa rabi da baya. Nas ɗin da ke ƙasanmu ce ta tsince ni a ƙofarta. Na kurkure baki da ruwan gishiri har dasashina ya yi jini.

Bayan kwanaki ƙasan harshena ya fara ƙaiƙayi. Nas ta haska fitila, ta sa hantsaki ta ja. Doguwar saiwa ce fara, da ganye biyu a kanta.

"Baiwar Allah, me kika ci?" Ba ta jira amsa ba, ta ruga bayi tana kakari.

Ranar na kwance bakin zanena, na zuba irin Inna a garwashi. Ina kuka yana tartsatsi.

Mai gidan haya ya sa kwaɗo a ƙofar saman. Babu mai hawa, babu mai ban ruwa, amma ganye ya zubo har tagogi. Masu wucewa suna yaba mini hannu.

Ku taya ni roƙo. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya hana kowane abu aron muryar mamatanmu. Ku ce amin.