Mai Albasa Ya Je Kallon Birni

Can a wani zamani an yi wani mai albasa, wanda ba ya karɓar komai sai ya taya. Da zai tafi babban birni, 'yarsa ta roƙe shi ya kallo mata gine-ginen da ake labari.

Ya isa ƙofar birni mai zane, ya kare idonsa da hannu, ya ce wa mai gadi, "Malam, kallon nan nawa?"

"Kyauta ne, Baba."

"To, rage mini."

Mai gadi ya yi ta dariya. Mai albasa ya ce wannan bai san ciniki ba, ya wuce kansa a sunkuye.

Ya isa gindin wata doguwar hasumiya, ya tambayi wani mai aski.

"Kyauta ne, Baba. Ɗaga kai kawai."

"To, rage mini."

"In rage me? Tsawonta?"

Ya wuce kansa a sunkuye. A bakin masallaci mai koriyar kubba ya tarar da wata mai ƙosai, ya tambaye ta kuɗin kallo.

"Kyauta ne, Baba."

"To, rage mini."

Ta dube shi, ta ce, "Albarka."

Sai ya gyara tsayuwa, yau ga 'yar kasuwa. Ta nemi albasa a matsayin kuɗin kallo, ya taya da lawashi. Ta ƙi, ya yi kamar zai tafi, ya dawo. Da ƙyar ta sallama. Ya ɗaga kai ke nan, ashe duhun magariba ya rufe kubbar.

Da ya koma gida, 'yarsa ta ce, "Baba, yaya birni?"

Ya ce, "Ƙasarsu ja ce, irin tamu. Amma fa ba wanda ya cuce ni."